Jar giyar inabi marar zaƙi daga ƙasashe masu zafi: yaya ɗanɗanonta yake, kuma me ya sa ake haɗa ta?

Tambaya: Kawu, ina aiki a ɗakin cin abinci na wani otal a Barnawa. An kawo mana kwalaben jar giyar inabi daga Afirka ta Kudu da Sifaniya da kudancin Faransa, kuma a jikin wasunsu an rubuta sunan inabi iri biyu ko uku. Baƙi suna tambayata yaya take a baki, ni kuwa ban san abin da zan ce ba. Wani zai sunsuna ya ce tana ƙamshin zaƙi, ya kurɓa ya ɓata fuska, ya ce babu zaƙi, ta lalace, a mayar. Shin haɗin nan algus ne? Me zan riƙa gaya musu?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, ba algus ba ne. Yawancin kwalaben da ake dawo maka da su lafiyarsu ƙalau suka baro ƙasarsu. In ma wani abu ya same su, to a hanya ne, ko a ɗakin ajiyarku, ko a kan teburin. Ban tambaye ka ko kana sha ba, don da yawa daga cikin masu aikin otal a garin nan ba sa kusantarta, wasu saboda addini, wasu don ra'ayin kansu. Amma tun da kai ke ɗauko ta a tire, dole ka san ta, kamar yadda mai kemis yake sanin maganin da bai taɓa haɗiya ba.

Mu fara da zaƙin, tun da shi ne ke haɗa ka da baƙi. Ruwan da aka matse daga nunannen inabi cike yake da sukari, yakan haura gram 200 a kowace lita. Idan yis ya shiga, sai ya yi ta cin sukarin yana mai da shi barasa da iska. Lissafin masu sana'ar shi ne kusan gram 17 na sukari a lita ɗaya yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. In aka tsayar da yis tun bai gama ba, ko aka ƙara ruwan inabi mai zaƙi daga baya, giyar za ta fito da zaƙi. In aka ƙyale shi ya cinye tas, sai ta fito marar zaƙi. A dokar Tarayyar Turai, wadda ake kira marar zaƙi sukarin da ya rage a cikinta ba ya wuce gram 4 a lita, sai dai in tsaminta na da yawa, sannan a ɗaga mata ƙafa zuwa gram 9. Lemon kwalba da muke sha kuwa yana ɗauke da kusan gram 100 a lita. Ka ga tazarar.

Bakin mutanenmu kuma ya riga ya saba da masu zaƙi. Irin su Four Cousins da Carlo Rossi masu zaƙi su ne aka fi gani a wurin biki, ga kuma ruwan 'ya'yan itacen nan mai kumfa marar barasa da ake fasawa a ɗaurin aure. Wanda ya tashi da waɗannan, duk kwalbar da ya ga ja a ciki zaƙi yake jira. Hancinsa kuma sai ya ƙara yaudararsa. Harshe abu kaɗan yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da garɗin nan na romo. Duk sauran abin da muke kira ɗanɗano, hanci ne ke kawo shi. Giyar ƙasa mai zafi tana ƙamshin 'ya'yan itacen da suka nuna luguf, ƙwaƙwalwa kuma ta san cewa duk abin da ya yi irin wannan ƙamshin zaƙi gare shi, sai ta yi wa harshe alkawarin da kwalbar ba za ta cika ba. Wanda duk yake shakka, ya toshe hancinsa ya kurɓa, zai ji sauran tsami da bauri da ɗumin barasa kawai. Barasar ma kanta tana ɗan ba da alamar zaƙi da santsi, shi ya sa mai kashi 15 ta fi mai kashi 12 laushi a baki ko da sukarinsu ɗaya.

Yanzu rana. Idan masu inabi suka ce ƙasa mai zafi, ba irin zafin Kaduna a watan Afrilu suke nufi ba. Mafi yawan gonakin inabin giya suna tsakanin layi na 30 da na 50 arewa ko kudu da tsakiyar duniya, mu kuwa muna wajen na 10. Mai zafi a wurinsu ita ce wadda matsakaicin zafinta a watannin da inabi ke girma ya kai kamar digiri 19 zuwa 21: gaɓar Bahar Rum, kudancin Faransa, tsakiya da kudancin Sifaniya, cikin Fotugal, yankin Kef a Afirka ta Kudu, kudancin Ostireliya, kwarurukan Kalifoniya. Rani mai tsawo, ruwa kaɗan, rana ba ƙaƙƙautawa.

Abin da wannan ranar take yi wa ƙwayar inabi shi ne tushen duk halin giyar. Sukari yana hauhawa, don haka barasa ta kai kashi 14 ko 15 cikin 100, alhali ta ƙasa mai sanyi takan tsaya a 12 ko 13. Tsami kuma yana sauka. Inabi yana da manyan sinadaran tsami guda biyu. Ɗaya irin na ɗanyen tuffa ne, shi kuma itacen yana ƙona shi da sauri idan zafi ya yi yawa, musamman in dare ma bai huce ba. Ɗayan shi ne wanda yake cikin tsamiyarmu ta kunu, sinadari ɗaya ne, kuma ya fi jure zafi. Saboda haka giyar tana fitowa da kauri, da nauyi a baki, ba ta tsinka yawu sosai. A wasu ƙasashen masu zafi doka ta yarda a ƙara mata wannan sinadarin na tsamiya kaɗan don kada ta yi lami, kamar yadda a ƙasashe masu sanyi aka yarda a ƙara sukari kafin yis ya fara aiki.

Ƙamshin ma yana canzawa yayin da ƙwayar take nuna. Inabin da bai sha rana sosai ba yana ba da ƙamshin jajayen 'ya'yan itace masu ɗan tsami, wani lokaci har da na ɗanyen tattasai, musamman irin inabin da ake kira Cabernet Sauvignon. Rana tana kashe wannan ɗanyen ƙamshin. Sai ya koma na baƙaƙen 'ya'yan itace nunannu. Littattafan Turawa za su lissafa maka 'ya'yan itacen dajinsu da ba ka taɓa gani ba, kada ka wahalar da kanka da haddace su. Ka ce wa baƙo tana ƙamshi wajen ɗinya nunanniya, wajen zoɓo mai kauri da ba a sa wa sukari ba, in kuma an bar inabin ya daɗe a itace, wajen zabibi da dabino. Zai gane ka nan take. Launin ma dangin na zoɓo ne, rukunin sinadarin da ke rina zoɓo shi ne yake cikin ɓawon baƙin inabi. Ruwan cikin ƙwayar fari ne a kusan kowane iri. Ja yana zuwa ne daga barin ruwan ya jiƙu da ɓawon na kwanaki ko makonni.

Daga ɓawon nan da 'ya'yan ciki ne kuma bauri yake fitowa, wanda shi ne ainihin abin da ke sa baƙonka ya ɓata fuska. Sinadarin ana ce masa tanin. Yana cikin goro, yana cikin shayin da ya daɗe a wuta, kuma shi ne majema suke nema a bagaruwa idan za su jeme fata. A baki yana kama furotin ɗin da ke cikin yawu, sai santsin yawun ya tafi, ka ji dasashi da harshe sun bushe. Wanda bai saba ba zai ɗauka lalacewa ce. Abin da ya kamata ka sani shi ne baurin giyar ƙasa mai zafi ya fi na ƙasa mai sanyi laushi, domin ɓawo da 'ya'yan sun nuna sosai. Shi ya sa ga mai fara gwada marar zaƙi, ita ce ƙofar da ta fi sauƙin shiga.

To me ya kawo haɗi? Rana mai yawa tana ba wa kowane irin inabi abu ɗaya fiye da kima, ta rage masa wani. Dubi haɗin da ya fi shahara a kudancin kwarin kogin Rhône a Faransa, wanda Ostireliya da Afirka ta Kudu suka kwaikwaya, har ake taƙaita shi da haruffa uku, GSM. Grenache, wanda Sifaniyawa ke kira Garnacha, yana son zafi da fari, yana tara sukari sosai, yana ba da barasa da laushi da ƙamshin nunannen abu. Amma ɓawonsa siriri ne, launinsa ba ya da duhu, baurinsa kaɗan ne, iska kuma tana saurin tsufar da shi. Syrah, wanda ake rubutawa Shiraz a Ostireliya da yawancin kwalaben Afirka ta Kudu, yana kawo duhun launi da bauri da ƙamshin masoro. Wannan ƙamshin ba ƙirƙira ba ce: a 2008 masu bincike a Ostireliya suka gano sinadarin da ke kawo shi, rotundone, kuma shi ne dai yake cikin baƙin masoro. Ya fi yawa a gonar da ke samun sanyi, kuma akwai mutanen da hancinsu ba ya kama shi sam, don haka kada ka yi musu da baƙon da ya ce bai ji ba. Na uku Mourvèdre, Monastrell a Sifaniya, Mataro a Ostireliya. Shi ne mai jinkirin nuna, sai wuri mai zafi sosai yake yi. Yana da bauri mai ƙarfi, da wani ƙamshi na fata da nama da ƙasa, kuma yana taimaka wa giyar ta jure ajiya. Kowanne shi kaɗai akwai inda ya gaza. In aka gauraya su daidai, na farko ya cika baki, na biyu ya ba da launi da yaji, na uku ya riƙe su su daɗe.

Akwai kuma lissafin manomi. Ire-iren ba sa fure lokaci ɗaya, ba sa nuna lokaci ɗaya. Shekarar da iska ta kakkaɓe furen Grenache, ko ruwa ya faɗo kafin a tsinke Mourvèdre, sauran za su rufa asiri. Shi ya sa kason haɗin kamfani ɗaya yakan bambanta daga shekara zuwa shekara, kuma shekarar da ke jikin kwalbar shekarar girbi ce, ba ta ɗura kwalba ba.

Wurin da ya fi suna da wannan salon shi ne Châteauneuf-du-Pape, kusa da birnin Avignon, inda fafaromomi suka zauna daga 1309 zuwa 1377, kuma Fafaroma Yohanna na 22 ya gina fada a ƙauyen. Manoman wurin sun rubuta wa kansu ƙa'idoji a 1923, sannan a 1936 suka shiga sahun farko na yankunan da dokar Faransa ta kare sunansu. Ƙa'idar ta yarda da inabi iri 13, ko da yake Grenache ne ke ɗaukar kaso mafi girma. Wasu gonakin lulluɓe suke da mulmulallun duwatsu da ke shan zafi da rana su sake shi da dare, ga wata busasshiyar iska mai ƙarfi daga arewa, mistral, da ke busar da ganye ta hana ruɓa. Kwalbarsa tana da tsada. Wanda ya fi yiwuwa ka gani a otal shi ne ƙaninsa, Côtes du Rhône, haɗi iri ɗaya, mai sauƙin kuɗi da sauƙin sha.

Zargin algus ɗin naka ma yana da tarihi, ba daga sama ka ɗauko shi ba. Daga shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya shigo daga Amurka ya halaka gonakin inabin Faransa. Faransawa suka juya ga Aljeriya, wadda take ƙarƙashin mulkinsu a lokacin, suka cika ta da inabin Carignan da Cinsault. Kafin ta sami 'yanci a 1962, Aljeriya, ƙasar Musulmi, ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi waje. Mafi yawanta jirage ne ke kai ta Faransa a zuba a cikin tsinkakkiyar giyar gida don ta yi launi da ƙarfi, a sayar ba tare da an ambaci inda ta fito ba. Ga kuma masu haɗa ta bogi da sukari da ruwa, abin da ya kai manoman yankin Languedoc na kudancin Faransa ga babban bore a 1907. Dokokin sunan yanki da ka'idojin rubutun kwalba daga irin wannan rikicin suka samo asali. A yau a Turai da Afirka ta Kudu da Ostireliya, in an rubuta sunan inabi ɗaya, dole aƙalla kashi 85 cikin 100 ya zama shi ne. A Amurka kashi 75. Ka ga ke nan ko wadda aka rubuta mata Shiraz kaɗai tana iya ɗauke da wani abu kaɗan. In an jera suna biyu ko uku, wanda aka fara rubutawa shi ne ya fi yawa. Shiraz Cabernet da Cabernet Shiraz ba ɗaya ba ne: ta farko ta fi laushi da cika baki, ta biyu ta fi bauri da tsayuwa.

Na Afirka ta Kudu su ne za ka fi yawan buɗewa, don haka ka san su da kyau. Tun 1659 ake matsar inabi a Kef. Suna da irin nasu na kansu, Pinotage, wanda Farfesa Abraham Perold na Jami'ar Stellenbosch ya samar a 1925 ta hanyar barbarar Pinot Noir da Cinsault. Haɗin da Pinotage ke da kaso mai tsoka a ciki shi ake kira haɗin Kef. Yana da ƙamshin hayaƙi da baƙin ɗan itace, wani lokaci da na ayaba. In ba a iya sarrafa shi ba yakan yi warin fenti ko ƙonannar roba, kuma wannan ne ya ɓata masa suna shekaru da yawa. Ra'ayina shi ne ya fi kyau a cikin haɗi fiye da shi kaɗai. Yankin Stellenbosch kuma yana yin haɗin Cabernet Sauvignon da Merlot irin na yankin Bordeaux na Faransa, sai dai ya fi na Faransa nuna da barasa. Abin da ke ceton Kef daga zafi shi ne iskar teku mai ƙarfi daga kudu maso gabas da ke sanyaya gonaki a lokacin rani. Swartland, arewa da birnin Kef, ta fi zafi da bushewa, can ne ake samun tsofaffin itatuwa gajeru da ba a yi musu ban ruwa, da haɗin Syrah da Grenache da Cinsault.

Na Sifaniya, yawancin masu araha Tempranillo ne da Garnacha, ko Monastrell daga Jumilla a kudu maso gabas. A kwalbar yankin Rioja na arewacin ƙasar kalmomi uku za su taimake ka. Crianza ta yi shekara 2 a ajiye, aƙalla 1 a gangar katako. Reserva shekara 3, aƙalla 1 a ganga. Gran Reserva shekara 5, aƙalla 2 a ganga. Gangar itacen ok ce ke kawo ƙamshin kanumfari da banila da kirfa. Sinadarin da ke ba kanumfari ƙamshinsa yana cikin katakon, kuma ana babbaka cikin gangar da wuta, daga nan ne ƙamshin hayaƙi da gahawa ke zuwa. Ok ɗin Amurka, wanda Rioja ta daɗe tana amfani da shi, yana ƙara ƙamshin kwakwa. Masu araha da yawa na wasu yankunan ba sa ganin ganga, gutsattsarin katakon ake jiƙawa a ciki, kuma a wurare da yawa doka ta yarda.

Fotugal kusan komai nata haɗi ne. An shata iyakar yankin Douro tun 1756, kuma a tsofaffin gonakinsa ire-ire da yawa ne a cakuɗe a fili ɗaya, a tsinke su tare. Touriga Nacional da Touriga Franca da Tinta Roriz su ne manya, giyar baƙa ƙirin, mai bauri, da ɗan ƙamshin fure. Kada ka rikita ta da Port, wadda daga wuri ɗaya take amma mai zaƙi ce, an ƙara mata barasa har kusan kashi 20. In baƙo ɗan Labanan ya zo, yana iya tambayar ka giyar ƙasarsu, Ksara, wadda limaman Jesuit suka kafa a 1857, ko Musar ta 1930. Inabinsu daga kwarin Bekaa yake, mai tsayin kusan mita 1,000, inda rana ke da zafi dare kuma ya yi sanyi, shi ya sa tsaminsu bai gudu ba. A Barossa ta Ostireliya akwai itatuwan Shiraz da aka dasa tun shekarun 1840 kuma har yau suna 'ya'ya, domin ƙwaron nan na phylloxera bai taɓa shiga jihar da Barossa take ba. Wasu kwalabensu suna ɗan ƙamshin man zafi, saboda itatuwan turare da ke kusa da gonakin, irin waɗanda aka daddasa a dajin Afaka.

Inabin Kudan da Hunkuyi da ake sayarwa a bakin hanyar Zariya, in ka yi tunaninsa, na ci ne: manyan ƙwayoyi, ruwa da yawa, ɓawo siriri. Na giya ƙanana ne masu kaurin ɓawo da 'ya'ya a ciki.

Yanzu ga inda laifin yake komawa kanmu. Ana cewa jar giya ba a sa ta a firiji, a sha ta da ɗumin ɗaki. Ɗakin da ake nufi na Turai ne, digiri 16 zuwa 18. Ɗakin cin abinci a Kaduna a watan Maris, in wuta ta ɗauke, yana haura 30. Giya mai barasa kashi 14.5 a wannan zafin, barasar ce ke fara tashi ta doki hanci, ƙamshin ya ɓace, ɗan tsamin da ya rage ya kwanta, a baki ta yi zafi da lami. Baƙo yana da gaskiya in ya ce ba daɗi. Sa ta a firiji minti 20 zuwa 30 kafin ka kai, ko a bokitin ƙanƙara da ruwa kamar minti 10. Kada kuma ta yi sanyi ƙarara, don sanyi yana ƙara fito da bauri. Zuba kashi ɗaya cikin uku na kofin, don a sami wurin kaɗa ta ƙamshin ya tashi, kuma kada ta ɗumame kafin a shanye. In sabuwa ce mai bauri da yawa, juye ta a wani tulun gilashi rabin sa'a kafin a sha, iska za ta tausasa ta.

Ajiya ta fi wannan muni. Giyar inabi tana son wuri mai duhu da sanyin digiri 12 zuwa 15. Tamu kuwa ta kwana a kwantena a Apapa, ta hau tirela ta yi kwanaki a rana kafin ta iso, sannan a jera ta a kanta kusa da taga, ko a sito mai bango ɗaya da kicin ko ɗakin janareta. Zafi yana sa ruwan ya kumbura ya ture matoshi. Kafin ka buɗe, duba: matoshin ya ɗago sama da bakin kwalbar? Akwai busasshen ja a wuya ko a takardar jiki? Ruwan ya sauka ƙasa da inda ya kamata? In ka zuba, giyar da shekarunta ba su wuce 3 ko 4 ba amma gefenta ya koma ruwan ƙasa, tana warin dafaffen abu ko ruwan khal, wannan ta tafi, karɓe ta ba gardama. Haka in tana warin jiƙaƙƙen kwali, wannan daga matoshin ne, ba laifin kowa ba ne a otal. Amma gari-garin da ke kwanciya a gindin tsohuwar kwalba, da 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli a jikin matoshi, ba lalacewa ba ne, na biyun ma gishirin sinadarin tsamiyar nan ne. Kwalba mai matoshin ɓawon itace a kwantar da ita, musamman da hunturu, don kada ya bushe iska ta shiga. Mai murfin murɗawa ba ruwanta da wannan, kuma murfin ba alamar araha ba ne, manyan kamfanonin Ostireliya ma shi suke sawa.

Algus na gaskiya yana nan, amma a gida ake yinsa. A watan Disamba na 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu a Aba, ta tarar da shaguna da yawa ana ɗura jabun giya da lemo a kwalaben kamfanoni sanannu. Ku sayi kaya wurin dillalin da kuka sani, ku duba lambar NAFDAC da rubutun takardar, kuma kwalbar da farashinta ya faɗi ƙasa da hankali a bar ta. Ku riƙa fasa ko lalata takardar kwalaben da aka shanye, don su ake tsinta a sake cikawa.

Abinci kuwa, nan ne wannan giyar take da sa'a da mu. Bauri yana son nama da kitse, domin yana kama furotin ɗin naman ya ƙyale yawu, kitsen kuma ya tausasa shi. Balangu, gasasshen rago, tsire, dambun nama, farfesun bindi, duk sun dace, kuma hayaƙin gashi yana tafiya da Shiraz da Pinotage. Matsalar attaruhu ce. Barasa tana ƙara zafin barkono, barkono kuma yana ƙara kaifin bauri, don haka wanda ya ce a cika masa yaji ka ba shi mai Grenache da yawa, mai sanyi kaɗan, ko ka ba shi shawara ya sha wani abu dabam. Kifi da mai bauri ba sa shiri, baki yakan yi ƙarni kamar an lashi ƙarfe. Kilishi mai zaƙi ko kayan zaƙi kuma suna sa ta ƙara ɗaci.

Idan baƙo ya nuna kwalba, tambaye shi tun kafin ka buɗe: "Ranka ya daɗe, mai zaƙi kake so ko marar zaƙi? Wannan ba ta da zaƙi, tana da kauri da ɗan bauri irin na goro, ta fi dacewa da gasasshen nama." Wannan kaɗai zai rage maka dawo da kwalabe. Ka kuma san ƙarfinta, don laushinta yana ruɗi. Kwalba mai mililita 750 a kashi 14.5 tana ɗauke da kusan mililita 109 na tsantsar barasa. Babbar kwalbar biya ta mililita 600 a kashi 5 tana da 30. Wato wanda ya shanye kwalba ɗaya shi kaɗai ya haura uku da rabi na waccan, kuma bai kamata ya riƙe sitiyari ya hau titin Kachia ba. In wani ya ce maka jar giya maganin zuciya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Sai baƙinka Musulmi, da Kiristocin da ba sa sha, waɗanda amanarsu ke hannunka. Kwalaben marasa barasa iri biyu ne. Akwai ruwan inabin da bai taɓa haɗuwa da yis ba, akwai kuma giyar da aka gama ta sannan aka cire mata barasa, wadda takan rage da har kashi 0.5 cikin 100. Karanta takardar ka faɗa wa mutum wacce ce, shi ya yanke wa kansa hukunci. Kwalbar da aka buɗe ba a shanye ba, a toshe ta a sa a firiji, za ta kai kwana 3 zuwa 5. Mai dafa abincinku zai so ya zuba ragowar a miyar nama, kuma tana yi mata daɗi, amma dahuwa ba ta kore barasa gaba ɗaya, ko an daɗe ana tafasawa akwai abin da ke saura. Duk abincin da aka sa wa, a rubuta a takardar jerin abinci, kai ma ka faɗa da bakinka kafin a yi oda.